Kundin aikin sauya zoben faiba na Kano daga SDH zuwa Ethernet

13 ga Janairu, 2025

Yau hukumar gudanarwar kamfani ta amince a fara kashin farko na aikin, wato a ɗora sabbin na'urorin Ethernet, fasahar da kwamfutoci ke magana da juna da ita, a kan zoben faiba da ya kewaye Kano, a riƙa kwashe layukan abokan ciniki daga tsoffin na'urorin SDH, fasahar da kamfanonin waya suka saba jigilar layuka da ita a kan faiba, kaɗan-kaɗan har a kai ga kashe su. Zoben ya tashi daga babbar tasharmu, ya bi ta Bompai da Hotoro da titin Zariya da Sharaɗa, sannan ya dawo ta cikin gari. Yawancin masu hawa kansa bankuna ne da makarantu da masana'antu, sai kamfanonin wayar salula da ke hayar layi a wurinmu zuwa turakunsu.

Dalilin sauyin a bayyane yake. Domin murya aka gina SDH: layin E1 yana ɗaukar megabit 2.048 a daƙiƙa, babban layin STM-1 yana ɗaukar 155.52, a cikinsa kuma ake jera E1 guda 63, kowanne da gurbinsa wanda ba mai taɓawa ko da mai shi bai aika komai ba. Abokin cinikin yau ba E1 yake nema ba. Megabit 50 yake so a wannan wata, a wata mai zuwa ya ce a mayar masa 200, kuma na'urar da ke ofishinsa ba ta san wata kafa ba sai ta Ethernet. Ga kayan gyaran SDH suna ƙara wuyar samu, alhali kafar Ethernet mai gigabit 10 ta yi arahar da ba a zata ba.

Sai dai na nemi a rubuta a takardar taron cewa ba don irin aikinmu aka ƙirƙiri Ethernet ba. Robert Metcalfe ne ya zayyana ta a 1973 a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto a Amurka, shi da David Boggs, domin kwamfutoci da injin buga takardu na gini guda su yi magana da juna, daga baya ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta mayar da ita ƙa'ida mai lamba 802.3 a 1983. Duk tsarinta ya ginu ne a kan cewa na'urorin na mutum ɗaya ne. Idan suwic, wato na'urar da ke rarraba bayanai tsakanin kwamfutoci, bai san inda adireshi yake ba, sai ya watsa ƙunshin bayanan ga kowa. Idan ƙunshi ya ɓata a hanya, ba ruwanta, wanda ya aiko shi ya sake aikowa. Idan waya ta lalace, ma'aikaci zai taka zuwa ɗakin da ke kusa ya duba. Kamfanin sadarwa kuwa alkawari yake sayarwa a rubuce, ga mutanen da ba su san juna ba, wasunsu ma abokan hamayya ne a kasuwa. Abin da SDH ke ba mu ba tare da mun roƙa ba, dole yanzu mu gina shi da hannu a kan Ethernet, kuma wannan ne ainihin aikin, ba ɗaura na'ura a kan kanta ba. Tun 2001 ƙungiyar MEF take wannan fafutuka, don haka da sunayenta za mu riƙa sayar da layukan: E-Line ga mai haɗa wuri biyu, E-LAN ga mai rassa da yawa.

29 ga Janairu

Mun kammala gwajin raba abokan ciniki a ɗakin gwaji, mun kuma ɗora layukan farko a tashoshi biyu.

Ƙa'idar 802.1Q ta 1998 tana liƙa wa kowane ƙunshi tambari mai bayit 4, a cikinsa akwai bit 12 na lambar VLAN, wato lambar da ke ware rukunin na'urori daga wani rukuni a kan waya ɗaya, abin da ke ba da lambobi 4,094 masu amfani. A ofis guda wannan ya wadatar har da saura. A wurinmu ƙarancin lambobin ba shi ne ma babbar matsalar ba. Matsalar ita ce bankuna biyu da muka fara da su duk suna amfani da lamba 10 da lamba 20 a cikin gidajensu, kuma ba wanda zai yarda ya sake tsarin rassansa domin ya faranta mana. Maganin shi ne 802.1ad ta 2005, wadda ma'aikata suka fi sani da QinQ: mu bar tambarin abokin ciniki yadda ya zo, mu ɗora namu a waje, mu cire shi a ɗaya bakin. Kamar buhun da aka kawo tashar mota ne da sunan mai shi a jiki, 'yan kamasho su rubuta tasu lambar a sama. Da tasu ake loda shi a sauke shi, ba mai buƙatar karanta ta ciki.

Abubuwa biyu suka ɓata mana lokaci. Na farko, na'urorinmu na kamfanoni biyu ne, ɗaya yana sa wa tambarin waje alamar 0x88A8 kamar yadda ƙa'ida ta ce, ɗayan kuma ya zo daga masana'anta da 0x8100, don haka kowanne yana ganin ƙunshin ɗan'uwansa a matsayin baƙo. Wannan abu ɗaya aka gyara a saiti ya wuce. Na biyun ya fi ɓoyuwa. Reshen banki ya kira ya ce layi yana aiki amma manyan fayiloli ba sa wucewa, mu kuma duk gwajin ping da muka yi, wato aika ɗan ƙaramin ƙunshi a jira amsarsa, lafiya lau yake dawowa. Ƙunshin Ethernet na asali ba ya wuce bayit 1,518, da tambari ɗaya ya zama 1,522, da biyu 1,526. Ashe akwai wani tsohon suwic a tsakiyar hanya da ke zubar da duk abin da ya haura 1,522 ba tare da ya ce uffan ba, ƙananan ƙunshe-ƙunshen gwaji kuwa suna ratsa shi cikin sauƙi. An cire shi. Daga yau duk kafar da ke kan zoben za a buɗe ta zuwa bayit 9,000 ko fiye, kuma ba za a miƙa layi ga mai shi ba sai an gwada shi da ƙunshi mafi girma.

6 ga Fabrairu

Hazo ya yi yawa a wannan mako. Kafar gigabit 10 ta tashar Hotoro ta fara ƙirga kurakurai, hasken da ke isowa kuma ya ragu. Da aka duba bakin wayar da madubin gwaji sai ga ƙwayar ƙura zaune a kan cibiyar faiba, wadda faɗinta bai wuce maikron 9 ba. An goge, kurakurai suka tsaya. Na ba da umarni kada a sake barin kafa ko bakin waya babu murfi, ko na minti ɗaya ne, kuma a duba kafin a soka.

24 ga Fabrairu

Wannan ne kashin da na fi ba muhimmanci. SDH ta saba wa duniya da cewa idan faiba ta yanke, zirga-zirga za ta koma ɗaya ɓangaren zoben cikin milisakan 50, har mai magana a waya ba zai lura ba. Ethernet kuwa zobe abokin gabarta ne, domin ƙunshinta ba shi da wani ma'aunin da zai kashe shi idan ya daɗe yana yawo. Da zarar hanya ta zagayo ta haɗe, ƙunshi ɗaya na watsawa zai yi ta kewaye yana hayayyafa har ya toshe layin gaba ɗaya. Dabarar da Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985, wadda ta shiga ƙa'idar 802.1D, tana toshe hanyar da ta yi rara domin hana wannan, amma takan ɗauki daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ta farfaɗo bayan yankewa. Gyararriyarta ta 2001 ta fi sauri nesa ba kusa ba, duk da haka ba abin da zan sa hannu a kansa a takardar yarjejeniya ba ne, saboda lokacin farfaɗowarta yana sauyawa da siffar hanyoyin.

Mun zaɓi G.8032 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, wadda ta fito a 2008 aka faɗaɗa ta a 2010. Hikimarta mai sauƙi ce: ana zaɓen gaɓa ɗaya a zoben a toshe ta da gangan a lokacin zaman lafiya, a naɗa tasha ɗaya ta zama mai kula da ita. Idan wata gaɓa ta yanke, tashoshin da ke gefenta biyu su toshe nasu ɓangaren, su aika saƙon R-APS mai sanar da yankewar, mai kula ta buɗe gaɓar da ta toshe, kowace tasha ta share adireshin da ta haddace ta sake koyo. Ƙa'idar ta yi alkawarin ƙasa da milisakan 50 muddin tashoshin ba su kai 16 ba, kewayen zoben bai kai kilomita 1,200 ba, kuma babu cunkoso. Namu ya cika sharuɗɗan biyu na farko da rata mai yawa. Na ukun shi ne wanda za mu riƙa tsaro, shi ya sa na ware wa saƙonnin R-APS matsayi mafi girma cikin matakan fifiko takwas da tambarin VLAN ya tanada.

A gwajin daren jiya mun zare faiba a kowace gaɓa bi da bi, na'urar gwaji tana ƙirga abin da ya ɓata, kuma ko'ina an sauya a ƙasa da milisakan 50. An ɗan yi muhawara a kan inda za a ajiye gaɓar toshewa. Wasu sun so ta kasance kusa da babbar tasha domin sauƙin kulawa, ni kuma na dage a kai ta can nesa, daura da babbar tashar, yadda nauyi zai rabu gida biyu a kullum. A haka aka tsaya. Lokacin jira kafin komawa tsohuwar hanya bayan gyara mun bar shi a minti 5, domin wayar da aka ɗinke takan yi ta zuwa tana ɗaukewa kafin ta zauna.

18 ga Maris

Saboda azumi mun mayar da ayyukan dare zuwa bayan tarawihi, a tashi kafin sahur.

A SDH kowane firam, wato gundumar bayanan da ake aikawa, yana tafe da bayanin lafiyarsa sau 8,000 a daƙiƙa, ɗakin sa ido kuma yana ganin inda matsala take kafin abokin ciniki ya ɗaga waya. Ethernet ta asali abu ɗaya ta sani: fitilar kafa tana ci ko ba ta ci. Layi kuwa yana iya mutuwa a tsakiya alhali fitilun bakinsa biyu suna kore. Don haka muka kunna ƙa'idojin sa ido, 802.1ag ta 2007 tare da Y.1731, a kan kowane layi. Bakunan layin biyu suna aika wa juna ɗan gajeren saƙo na “ina nan”, idan aka rasa shi na tsawon tazara uku da rabi sai a ɗaga ƙararrawa. A gaɓoɓin zoben mun sa tazarar milisakan 3.33, a layukan abokan ciniki kuma daƙiƙa ɗaya, domin kada a wahalar da na'urori a banza. Ƙa'idar tana da matakai takwas, daga 0 zuwa 7. Mun bar na sama ga abokan ciniki su yi nasu gwajin ta cikin layinmu, mun riƙe na tsakiya da na ƙasa. Y.1731 ce kuma ke auna jinkiri da rawar jinkiri da adadin abin da ya ɓata, wato alƙaluman da za mu nuna idan aka zo maganar ko mun cika alkawari.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu a 802.3ah ta 2004 da na ga ya fi mana amfani fiye da yadda masu rubuta shi za su yi tsammani. Idan wuta ta ɗauke wa na'urar da muka ajiye a ofishin abokin ciniki, tana amfani da ɗan cajin da ya rage mata ta aiko da saƙo ɗaya na ƙarshe kafin ta mutu. A garin da wuta ke zuwa tana tafiya, janareto kuma ba kullum yake tashi a bugu ɗaya ba, wannan saƙo ne ke bambance mana layin da ya yanke da ofishin da ke cikin duhu. Shekaranjiya ƙararrawa ta tashi daga wata masana'anta a Sharaɗa, saƙon ƙarshen yana biye da ita. Maimakon a tashi mota da masu ɗinkin faiba, sai ma'aikacin ɗakin sa ido ya kira mai gadin wurin. Amsar da ya samu ita ce: “Injiniya, ai man janareto ne ya ƙare, an tafi sayowa.”

10 ga Afrilu

Wata makaranta da ta sayi megabit 50 ta kawo ƙorafi cewa ba ta samun ko rabinsa. Gwajinmu na Y.1564 ya nuna layin yana ɗaukar 50 cif ba tare da asara ba, kuma su ma gaskiya suka faɗa.

Ga yadda abin yake. Kafar da muka ba su ta gigabit 1 ce, na'urarsu kuma ba ta san da wani 50 ba. Idan tana da abin aikawa, da cikakken gudun kafar take antayo shi, ta ɗan tsaya, ta sake antayowa. Mai tsaron ƙofarmu, wato tsarin da ke iyakance abin da ke shigowa layin, yana aiki da ma'auni biyu, gudun da aka yi alkawari, wato CIR, da yawan abin da zai haƙura ya karɓa a tashi ɗaya, wato CBS. Na biyun an bar shi ƙarami yadda ya zo, don haka wutsiyar kowace antayowa tana zubewa, TCP kuma, tsarin da kwamfutoci ke aika fayiloli da shi, da ya ga asara sai ya rage gudunsa da kansa. Na'urar gwaji ba ta gamu da wannan ba saboda ita a jere take aikawa, tazara daidai wa daida. Mun faɗaɗa CBS, mun kuma taimaka wa ma'aikacinsu ya saita rawutarsu ta riƙa tauna kafin ta haɗiye, wato ta jera abin da za ta aika a kan gudun 50. Na kuma yi masa bayanin cewa ko komai ya daidaita ba zai ga 50 a shafin gwajin gudu ba, domin a cikin ƙunshi mai bayit 1,518 bayit 1,460 ne kawai kayansa, sauran adireshi ne da bayanan hanya, kimanin kashi 96 cikin 100 ke nan. Wannan bayani ya kamata ya shiga takardar da sashen ciniki ke ba mutane tun kafin su sa hannu, kuma na rubuta musu haka.

7 ga Mayu

An samu yankewa ta gaske. Katafilar wani ɗan kwangila mai gyaran magudanar ruwa kafin damina ta tumɓuke wayarmu a kudancin gari da hantsi. Zoben ya juya kamar yadda aka tsara, kuma babu banki ko ɗaya da ya kira.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne abin da masu ɗinki suka gani a ramin. A wani ɗan tsakani kusa da kwalbati, wayar da ke fita daga tashar da wadda ke komawa cikinta suna kwance a bututu ɗaya, alhali tsohon zanen da muka gāda ya nuna su a gefen titi daban-daban. Haƙorin katafilar ɗaya ya kama. Da ya kama biyun, da tashar ta fita daga zoben gaba ɗaya, kuma babu wata ƙa'ida ta ITU da za ta cece ta. Na nemi a bi zoben da ƙafa daga farko har ƙarshe a sake zana shi, a kuma ware kuɗin haƙa sabuwar hanya a wannan wuri.

2 ga Yuni

Saura agogo, kuma shi ne mafi wuya.

SDH tana raba bugun agogo ɗaya ga duk na'urorin da ke kanta, turakun salula kuma sun daɗe suna shan wannan bugu daga layin E1, domin ana bukatar mitar rediyonsu kada ta kauce fiye da kashi 50 cikin biliyan. Kafar Ethernet ta yau da kullum kowace da nata agogon, an kuma yarda ya kauce har kashi 100 cikin miliyan, tazarar da ta ninka abin da turke zai jure sau 2,000. Wannan ɓangare mun rufe shi da SyncE, inda kowace tasha ke ciro bugun daga hasken da ya iso mata ta miƙa wa ta gaba, tana haɗawa da saƙon da ke faɗin darajar tushen agogon bisa G.8264.

Amma 5G ta zo da wata bukata. Zangon gigahaz 3.5 da hukumar NCC ta yi gwanjonsa a Disambar 2021 ana aikawa da karɓa ne a mitar rediyo ɗaya, ana karɓa-karɓa da lokaci, don haka dole turakun da ke maƙwabtaka su yarda a kan lokacin kansa, kada kowanne ya kauce fiye da maikrosakan 1.5, in ba haka ba wani yana magana a lokacin da wani ke saurare. Wannan aikin IEEE 1588 ta 2008 ne, wadda ake kira PTP, kuma tana da rauni guda: tana ɗauka cewa lokacin zuwa da na dawowa daidai suke, ta raba jimlarsu biyu. Haske yana cin kimanin nanosakan 5 a kowace mita ta faiba. Idan silin zuwa ya fi na dawowa tsawo da mita 100, bambancin nanosakan 500 ne, kuskuren agogo kuma rabin haka, 250, daga gaɓa ɗaya tak. A zoben da aka sha yankewa ana ɗinkewa, wani lokaci ana aron sili daga wata waya domin a tashi layi da gaggawa, ba zan ɗauka cewa tsawon ya zo ɗaya ba sai na auna. Mun fara bin turakun da na'urar gwaji mai karɓar lokaci daga tauraron ɗan'adam, muna kwatanta abin da zoben ya kawo da abin da sama ta ce, a hanyar yau da kullum da kuma bayan an juya zoben. Tsarin G.8275.1 da muke bi yana bukatar kowace tasha a hanya ta iya gyara lokacin da kanta, kuma akwai ƙananan na'urori a wasu rassan zoben da ba su da wannan, sai an sauya su.

Daga gobe an dakatar da duk wani sauyi a kan zoben har bayan Babbar Sallah.

23 ga Yuni

A taron yau shugaban sashen kuɗi ya tambayi ranar da za a kashe SDH, domin wutar da take ci da sanyin da ake ba ta suna cikin lissafinsa kowane wata. Na ce masa: “Yallaɓai, layukan bankuna da makarantu sun koma, kuma ina tsaye a kansu. Turakun salula da masu E1 ne ba zan ce a taɓa ba sai awon agogo ya kammala.” Masu E1 ɗin ba su da yawa, galibi tsoffin na'urorin rarraba kiran ofis ne da turakun 2G, kuma za a iya ɗaukar su a kan Ethernet da dabarar SAToP ta RFC 4553, wadda ke yanka layin gunduwa-gunduwa ta zuba a ƙunshi. Sai dai ita ma da agogon ta dogara, kuma gwajinta bai fara ba. An amince SDH ta ci gaba da aiki, a sake duba maganar a ƙarshen Satumba.

Na kuma gabatar da abin da ke tafe. Layukan E-LAN suna tilasta wa kowace tasha a zoben ta haddace adireshin MAC, wato lambar shaidar Ethernet, na kowace na'ura da ke rassan abokin ciniki, teburin kuma yana da iyaka. A yanzu mun sa wa kowane layi ƙa'idar adadin da ba zai wuce ba, mun kuma taƙaita yawan watsawa. Wannan zai riƙe mu a cikin Kano, amma ba zai kai mu Kaduna da Katsina ba. A can sai dai ko 802.1ah ta 2008, mai ɓoye adireshin abokin ciniki a cikin namu da lambar layi mai bit 24, ko kuma MPLS, mai tura ƙunshi bisa tambarin hanya, tare da EVPN ta RFC 7432 ta 2015, inda tashoshi ke sanar da juna adireshi ta BGP, tsarin da rawutoci ke musayar bayanin hanyoyi da shi, maimakon koyo ta hanyar watsawa. Na fi karkata ga ta biyun, saboda manyan rawutocinmu sun riga sun iya ta, ma'aikatanmu kuma sun saba da BGP. An ba ni zuwa tsakiyar Yuli in kawo tsarin gwajinta da kiyasin kuɗi.

Masu bin zoben da ƙafa sun gama ɓangaren gabas, sun kuma sami wani wuri na biyu da wayoyin suka haɗu a bututu ɗaya. Ruwan sama ya hana haƙa a makon nan, don haka za a fara da ɓangaren Sharaɗa idan ƙasa ta tsane.